Waya Ta Cika: Me Za A Goge, Me Za A Bari?

Shirinmu na yau kan wayar da ke aljihunku ne, da saƙon nan da take fitarwa a ranar da ba a so, cewa rumbunta ya cika.

Kun san yadda abin yake zuwa. Ranar Alhamis ana cin kasuwar Maigatari, ko Lahadi a Mai'adua, dillali ya ce ya turo hoton bijimai ta WhatsApp, a danna, hoto ya ƙi buɗewa. A ɗaga waya za a ɗauki hoton rasit, kyamara ta ce babu wuri. Cikin irin wannan gaggawa mutum yake miƙa wa yaron rumfar caji wayarsa, ya ce, "Goge min tarkacen nan duka." Yaro ya goge, waya ta yi sakayau. Sai bayan sati biyu, ana gardamar kuɗin buhun wake goma, a nemi saƙon muryar da mai cin bashi ya amsa da bakinsa, a tarar ya bi tarkacen.

To, kayan da ke cikin waya iri biyu ne. Akwai wanda yake da kwafi a wani wuri, ko an goge ana iya sake samo shi. Akwai wanda wayarku kaɗai ke riƙe da shi a duk duniya. Abin daɗin shi ne, yawanci na farkon ne ke cinye wuri, na biyun kuwa ɗan mitsitsi ne. A cikin na farkon, wanda ya fi taruwa a ɓoye shi ne shirye-shiryen saurare da muke saukewa, wato fodkas.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, fodkas shiri ne kamar wannan da kuke ji, sai dai an ɗora shi a intanet, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama. Studio Kalangou a Yamai suna ɗora shirye-shiryensu da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci da Faransanci. Jaridar Aminiya a Najeriya tana da nata, irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba. Malamai ma karatunsu ta wannan hanya yake yawo yanzu. Hanyar saurare biyu ce. Ko dai ku kunna kai tsaye, sauti yana zuwa kuna ji, data tana tafiya, in rezo ya ɗauke shiri ya tsaya. Ko kuma ku sauke shi ya zauna cikin waya, ku ji shi a dajin da babu rezo, ko sabis kamar yadda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa. Alamar saukewa kusan ɗaya ce a kowace manhaja, ƴar kibiya ce mai kallon ƙasa. Duk shirin da kibiyarsa ta canza launi, ko ta koma alamar maki, to yana zaune cikin rumbun wayarku yana cin wuri, ko kun saurare shi ko ba ku saurara ba.

Mu yi awo, tun da da ƴan kasuwa nake magana. Mudun waya shi ne mega, buhunta kuma giga. Mega wajen dubu ɗaya ke cika giga ɗaya. Sautin magana na minti ɗaya a fodkas yana cin tsakanin rabin mega da mega ɗaya, gwargwadon kyan da aka ɗauke shi da shi. Ke nan shirin awa ɗaya mega 30 ne zuwa 60. A ce kuna bin shiri uku masu fitowa kullum, kowanne rabin awa, kowanne mega 20, kuma manhaja tana sauke su da kanta. A rana mega 60 ke nan. A wata mega 1,800, ya kusa giga biyu. Kafin a yi wata uku sun haura giga biyar. Wayoyinmu na Itel da Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi, da yawa giga 16 ne ko 32, kuma tun a kwali tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun ɗebe kaso mai tsoka. In shirin mai hoto ne, wato na bidiyo, nauyinsa ya ninka na sauti sau da yawa.

Yanzu ku gwada da saƙon murya na WhatsApp. Na minti ɗaya bai kai rabin mega ba. Shirin awa ɗaya mai mega 50 ya fi saƙon murya ɗari nauyi. Wanda ya zauna yana share saƙonnin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya don ya sami wuri, ya wahalar da yatsansa, ya zubar da shaidarsa, kuma wurin da ya samu bai kai na tsohon shirin labarai guda biyu ba.

Baba makiyayi ya fi ni sanin wannan lissafi. In rani ya tsananta, ciyawa ta yi ƙaranci, dole a rage garke, ba a farawa da shanun haihuwa. Bijimin da ake iya mayar da irinsa a kara shi ake fitarwa. A waya, shanun haihuwarku su ne saƙon da aka amsa bashi, hoton rasit na kwastan ko na duwan, hoton takardar allurar dabbobi, hoton shanunku da alamun da ke jikinsu wanda zai tsaya muku ranar da aka kama na sata aka ce masu shi su zo da shaida, lambobin mutane, da muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Waɗannan ba a taɓa su. Labaran makon jiya, da shirin farashin gero na watan da ya wuce, da wasan dariyar da aka ji sau uku, su ne na fitarwa.

To yaya ake fitar da su? A manhajar fodkas akwai abubuwa uku masu kama da juna, mutane kan rikita su.

Na farko, cire abin da aka sauke. Ku shiga sashen da manhaja ke jera saukakkun shirye-shirye, ku danna kibiyar nan da ta canza launi, ko ɗigo ukun da ke gefen shirin, ku zaɓi cirewa, sau da yawa da hoton kwandon shara. Wannan shi ke ba da wuri. Sunan shirin zai ci gaba da bayyana a jeri, kada ya ruɗe ku. Sunan ne kawai ya rage, nauyin ya tafi, kuma ranar da kuka so kuna iya sake sauke shi.

Na biyu, sa wa shiri alamar an saurara. Wannan shi kaɗai ba lallai ya ba da wuri ba. A wasu manhajojin shirin yana ɓacewa daga idonku, amma yana nan kwance a rumbu.

Na uku, daina bin shirin gaba ɗaya. Wannan yana tsayar da sababbi, amma tsofaffin da aka riga aka sauke suna iya zama. Saboda haka in kun gaji da wani shiri, ku fara cire saukakkunsa, sannan ku daina binsa.

Bayan wannan sai a toshe inda ruwa ke shigowa. Ku shiga saitin manhajar, alamarsa kamar ƙaramin faranti mai haƙora. Ku nemi wurin saukewa da kanta, ku kashe, ko ku taƙaita ta ga shiri ɗaya da ba ku son ya wuce ku. In akwai zaɓin gogewa bayan an gama saurare, ku kunna shi. Ku kuma tabbatar ba ta saukewa da datar layi sai da waifai. Wannan ya fi shafar masu kwana wannan ƙasa su tashi waccan, domin datar layin da ya ƙetare iyaka tsada gare ta, kuma manhaja ba ta san kun ƙetare ba.

Masu Spotify, a saitinta akwai sashen rumbu da ke nuna nawa saukakkun abubuwa suka ci, da maɓallin cire su duka a lokaci guda. A wayar Android tana ba da damar a mayar da ma'ajiyarta kan katin memori. Masu iPhone, manhajar Podcasts ta Apple tana sauke sababbin shirye-shiryen da kuke bi da kanta in ba ku hana ta ba. A saitinta akwai zaɓin da ke goge shiri awa 24 bayan an gama jin sa, kuma tun 2022 ana iya ƙayyade mata adadin da za ta riƙe. Ku kula da wannan sosai, don iPhone ba ta da wurin sa katin memori. Akwai kuma AntennaPod a Android, kyauta ce, ba ta neman a yi rajista, tana goge shiri bayan saurare in an umarce ta. Wanda har yanzu yake da Google Podcasts a wayarsa, kamfanin ya rufe ta tun 2024, ya mayar da aikin YouTube Music. Cire ta ba asara ba ne.

Na ce ana iya sake saukewa, amma maganar tana da sharaɗi, musamman ga masu tafiya arewa da damina, wajen Ingal da Azawak, ko masu gangarawa kudu bayan girbi. Sake saukewa kuɗi ne, kuma sai inda rezo yake. Wanda zai yi wata biyu a daji bai kamata ya goge karatun da yake ji kowane dare don kawai an ce yana intanet ba. Sannan wasu tashoshi kan cire tsofaffin shirye-shiryensu bayan wani lokaci. In likitan dabbobi ya yi bayani mai amfani kan ciwon huhu ko sammore, kuma kun san za ku so ku sake ji ko ku jiyar da ƴaƴanku, wannan shirin ya tashi daga sahun na fitarwa, ya shiga na ajiya.

Ga wani abu da masu dogon zango ya kamata su sani. Abin da kuka sauke a Spotify a kulle yake cikin manhajar. Ba ya turuwa ta Xender ko Bluetooth, ba ya kunnuwa a rediyo mai cin memori. Kuma sharaɗinsu shi ne waya ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba saukakkun su daina aiki. YouTube Music ma tana da irin wannan sharaɗi. Don haka guzurin daji ya zama sauti na fili, irin MP3, a kan katin memori. Shi ba ya tambayar rezo, kuma in babbar waya ta mutu ana zare katin a sa a ƴar ƙarama mai tocila. Katin giga 8 na gaske zai ɗauki magana ta fiye da awa 120. Ya ishi mutum damina guda har ya ba maƙwabcinsa.

Na san da yawanmu ba ta manhajar fodkas shirye-shirye ke iso mana ba. Ta zaurukan WhatsApp suke zuwa, na ƙungiyar makiyaya, na ƴan kasuwar albasa, na dangi, ko kuma ta hannun masu turi a bakin tasha. A nan cunkoson ya fi yawa, domin shiri ɗaya sai ya shigo ta zaure huɗu. WhatsApp tana da wurin duba wannan. Ku danna ɗigo uku na sama, ku shiga saiti, ku shiga sashen rumbu da data, sannan wurin sarrafa rumbu. Za ta ware muku duk abin da ya fi mega 5, da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, ta kuma jera kowace hira da nauyinta, mafi nauyi a sama. Kusan kullum zaurukan ne a sama. Ku fara da su. Hirar mutum ɗaya da kuke ciniki da shi ku bar ta, ko da ta yi tsawo. In abu yana da kwafi da yawa, WhatsApp za ta tambaya ko a goge duka, kuma sai an goge duka wurin ke samuwa.

A wannan sashe dai akwai saukewa da kanta. Ku cire alamar da ke kan sauti da bidiyo da takardu. Daga nan duk abin da aka turo zai tsaya da kibiyarsa yana jira, wanda kuke so ku danna, wanda ba ku so ya wuce bai ci muku ko mega ɗaya ba. Saƙon murya na hira shi yana shigowa da kansa, ba zai tsaya ba.

Xender ma tana da nata ɗakin ajiya. Abin da aka turo muku yana sauka can. In kun kwafe shi zuwa kati ba ku goge na farkon ba, kun biya wuri sau biyu. Manhajar Files ta Google tana gano irin waɗannan tagwaye ta nuna muku su.

Kafin ku fara kowace shara, ku killace shanun haihuwa. A WhatsApp, ku danne saƙon da ke da muhimmanci har ya yi launi, ku taɓa alamar tauraro. Zai shiga jerin masu tauraro inda za ku same shi da sauri. Sai dai tauraro alama ce kawai, ba kwafi ba ne. In waya ta faɗa rijiya, ya tafi da ita. Kwafi na gaske shi ne ku tura saƙon ga ɗanku ko wani amintacce, ko ku ajiye shi a kati, ko ku kunna ajiyar WhatsApp a asusun Google. Asusun yana ba da giga 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a cikin wannan giga 15 ɗin ake lissafa ta, don haka ku cire bidiyo daga cikin abin da za ta ajiye. Ku kuma duba hoton abokin cinikinku a hira. In akwai ƴar alamar agogo a jikinsa, an kunna saƙo mai ɓacewa, bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Sannan wanda ya turo saƙo yana da kimanin kwana biyu da zai iya janye shi daga wayarku. Saboda haka cinikin da ya kai a kira shi ciniki, a rubuta shi a littafi gaban shaidu kamar yadda iyayenmu ke yi, saƙon murya ya zama ƙari.

Yanzu ga maɓallan da ke kona hannu. In kun shiga saitin waya, kuka buɗe wata manhaja, kuka shiga rumbunta, za ku ga maɓalli biyu kusa da juna. Ɗaya yana ɗauke da kalmar cache, rubutunta ɗaya ne a wayar Turanci da ta Faransanci. Wannan ƙura ce da manhaja ke tarawa don ta yi sauri, share ta ba ya cutarwa. Ɗayan na goge bayanan manhajar ne ɗungurungum, ta koma kamar yau aka sa ta. In aka danna shi a manhajar fodkas, saukakkun shirye-shirye sun tafi. In aka danna shi a WhatsApp, sai an sake rajista, kuma za a turo lamba shida ta saƙo ko kira zuwa layin da aka buɗe ta da shi. Ku tuna da wanda ya buɗe WhatsApp da layin Najeriya, ga shi a Damagaram ko Maraɗi, layin ba ya kamawa, ko ya bar shi a gida, ko an rufe shi. Wannan mutumin ya rabu da abokan cinikinsa har sai ya koma. Manhajojin tura kuɗi ma haka suke, su ma sai sun tabbatar da mai layi. In ba a tabbatar da wanne ne wanne ba, a bar su duka biyun.

Sai mayar da waya sabuwa kamar daga kamfani. Wasu masu gyara suna saurin kawo wannan shawara don ita ta fi sauƙi a wurinsu. Tana share komai na cikin waya. Cikar rumbu ba ta kai a yi mata wannan magani ba. Haka manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka da ke cewa za su wanke waya da dannawa ɗaya. Da yawansu talla suke kawowa, kuma ba su san bambancin muryar mahaifinku da wasan dariya ba.

Mu dawo kan katin memori, kart memwar a bakin wasunmu. Akwai na jabu a kasuwa, an rubuta giga 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64, alhali cikinsa bai wuce 4 ko 8 ba. Da farko yana aiki lafiya. Da ya wuce ainihin cikinsa, sai sababbin abubuwa su ƙi buɗewa, ko su hau kan tsofaffi su lalata su. Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku sa mai turi ya loda masa kaya har ya wuce rabi, sannan a kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gabanku. In farashin ya yi arha fiye da hankali, akwai dalili. Ƙananan wayoyi masu maɓalli kuma da yawansu ba sa karɓar katin da ya wuce giga 32, don haka biyu matsakaita sun fi babba ɗaya amfani, ɗaya na saurare, ɗaya na ajiya a gida.

Ranar da kuka sa sabon kati, wasu wayoyin Android kan tambaya ko a haɗe shi da rumbun waya, ko a bar shi na cirewa. Ku zaɓi na cirewa. In aka haɗe shi, wayar tana kulle shi da kanta, babu wata wayar da za ta iya karanta shi, in ta lalace abin da ke kan katin ya bi ta. Kuma duk sanda waya ko kwamfuta ta nemi a yi wa kati fomat, ku sani wanke shi za a yi tas. Ku ce a'a tukuna, ku gwada shi a wata na'urar.

Masu kwamfuta a shago, da masu cike takardun fiton kaya a bakin iyaka, naku ya fi sauƙi. Shirin da aka sauke daga shafin intanet yawanci yana faɗawa jakar saukakkun abubuwa. Ku buɗe ta, ku jera abin ciki bisa nauyi, manyan su hau sama. Abin da kuka goge yana tafiya kwandon shara, kuma yana ci gaba da cin wuri har sai kun zubar da kwandon. Amma ku riƙe wannan, abin da aka goge daga filas ko katin memori da aka jona a kwamfutar Windows ba ya shiga kwando, kai tsaye yake tafiya. Windows 10 da 11 suna da wani mai shara na kansu da ake iya kunnawa, yana zubar da kwando lokaci lokaci. Ku duba kada a ba shi izinin taɓa jakar saukakkun abubuwa in a can kuke ajiye takardun kaya. Masu Spotify ko Podcasts ta Apple a kwamfuta, ku cire shiri daga cikin manhajar kanta. Abin da kuka cire a waya bai fita daga kwamfuta ba, kowace da nata rumbun. In kuwa an jona katinku a kwamfutar masu turi, ya dawo kamar babu komai ciki amma yana nuna a cike, sau da yawa ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye kayan, suna nan. Kada a yi masa fomat, a kai wa wanda ya iya fito da su.

Waya ma tana da nata kwandon. Manhajar hotuna da ta Files kan riƙe abin da aka goge wajen kwana 30 kafin ya tafi. Wannan ne ya sa wani zai goge kaya da yawa, waya ta ci gaba da cewa ta cika. Sai an shiga kwandon an zubar. Amma kafin ku zubar ku leƙa, don nan ne dama ta ƙarshe ta ceto hoton da hannu ya goge bisa kuskure. In abu mai muhimmanci ya goge daga kati, ku zare katin nan take, kada a ƙara ɗora masa komai. Muddin sabon abu bai hau wurin ba, masu gyara kan iya dawo da shi.

In dole sai an ba wani ya yi muku sharar, babu laifi, ba kowa ne ya yi karatun boko ba, kuma yaranmu na rumfar caji suna taimako ƙwarai. Ku dai tsaya a kansa. Ku ce masa, "Ɗana, shirye-shirye da bidiyon zauruka kawai za ka cire, ka fara da manya, kada ka taɓa hirar kowa, kada ka taɓa hotuna." Ku sa ya kunna muku abin da kuke shakka kafin ya goge. Lambar sirrin kuɗinku kuma ba ta cikin aikin, ku riƙe abarku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daren jajibirin kasuwa, waya na caji, hankali a kwance. Minti goma ya isa. A cire shirye-shiryen da aka gama ji, a leƙa zaurukan WhatsApp, a zubar da kwando, a bar aƙalla giga ɗaya ko biyu babu komai, don waya tana bukatar wurin juyawa kafin ta karɓi saƙo ko ta ɗauki hoto. Masu shirin shiga daji kuma su yi lodin guzurinsu a gari, a kan kati, tun kafin a ɗaure kaya.

Wannan shiri namu ma, in ya iso muku ta waya kuka gama ji, ku tura wa wanda bai ji ba, sannan ku goge shi, ba za mu yi fushi ba. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, ku faɗi irin wayarku da harshen da take ciki, Turanci ko Faransanci ko Larabci, don amsar ta zo daidai. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da jari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.